Diski Huɗu da Hoton Mijin Hajiya Rabi

Daren Talata, Zariya

Ni na jawo, haushin kaina nake ji. Diski huɗun kwamfutar studiyona na hoto, da ke haɗe kamar guda, na cire na goge musu ƙura, har na ɓare lambobin da ƙanena Isuhu ya liƙa musu. Da na mayar, haɗin nasu, wato RAID, ya ƙi tashi. Isuhu ya ce a waya, "Yaya, kar ki taɓa, gobe ina tafe." Na ce ni na koya mashi karatu. Na sake haɗa su daga farko da wani jeri daban, na'ura ta rubuce kan hotunan mutane, duk suka salwanta.

Da la'asar Hajiya Rabi ta zo daga Tsibiri neman hoton marigayi mijinta da ke ajiye a diskin, nata ya lalace. Na ce ta dawo Juma'a. Har albarka ta sa mani.