'Ya'yan Zogale da Jinin Baba

Daren Talata, watan Sha'aban, Mafara

Baba ya daina shan ƙwayoyin asibiti. Tun da likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, har yana iya toshe jijiyar kai, sai ya koma tauna 'ya'yan zogale safe da yamma. Hujjarsa ɗaya ce. In Inna ta ɗebo ruwan kanal ɗin Bakolori jawur, su take dakawa ta zuba a randa, ruwan ya koma garau.

"Abin da ya tace ruwa, jini zai gagare shi? Kai dai riƙe mini cinyar ragon ga," in ji shi.

Yau a mahauta ya gasa kitsen rago ya cinye, kamar kowace ranar kasuwa. Bayan la'asar wuƙa ta suɓuce daga hannunsa na dama. Mutumin da ya tsufa a fawa! Na ce, "Baba, lafiya?" Ya daɗe yana kallona, yana laluben sunana, kafin ya ce ai maiƙo ne.

Da na dawo gida na iske Inna tana juye randa, na leƙa. Ashe lakar ba inda take zuwa, tana nan kwance a gindi da kaurinta.

To kitsen Baba fa, ina yake kwantawa?