Kun Sauya Layukan Kasuwa, Inna Ta Daina Fita

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kasuwarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da 'yan kwamitinka. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita. Na gaji da sintiri, shi ya sa na rubuto a fili.

Mahaifiyata, Inna, idonta ya daɗe da rauni, amma ba ta taɓa yarda a yi mata cefane ba. Da ƙafa da hanci ta san kasuwar nan. Mai keke ya sauke ta a ƙofa, ƙamshin masa ya tare ta, sai ta yi dama, ta wuce masu tattasai, ta isa wurin matan Gbagyi masu doya. Tun daga nesa suke kiranta. Ta shafa doya ta zaɓa da hannunta, a dawowa ta zauna bencin mai masa ta sha kunu.

Asabar biyu da suka wuce ta tafi ita kaɗai kamar kullum, ga abin da ta tarar.

Na farko, kun kwashe masu abinci daga ƙofa kun kai su bayan mahauta, bakin kwata, babu sanarwa. Wa zai ci masa cikin ƙuda?

Na biyu, kun watsa masu doya, wurinsu ya zama tashar babura. Inna ta yi dama yadda ta saba, ta faɗa tsakiyar 'yan acaɓa, suna ta yi mata hon. Ta yi ta yawo tana kiran sunayen mutanenta har azahar, kafin wata mai alayyahu ta gane ta, ta sa ta a keke. Inna ta dawo unguwarmu Barkin Sale kwando wayam, zani duk taɓo.

Ban ce kada ku yi gyara ba. Roƙona ku mayar da masu abinci ƙofa, ku haɗa masu doya wuri guda, in kuma za ku sake sauyi, ku sa mai shela ya zaga tukuna.

Tun ranar Inna ba ta taka ƙofar gida ba, abin yana ci mini rai. Jiya na tambaye ta wace irin doya zan sayo, ta juya fuska bango ta ce in kawo duk wadda na samu.

Allah ya yi maka jagora, ya bar maka idonka har tsufa.

Wassalam,
'Yar Inna, daga Barkin Sale, Minna.