Matar ruga ce ta shayar da 'yata

Mama Tagwai, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata Anti Chinwe mai shagon kayan miya ce ke riƙe da waya, ina magana tana dannawa. Ita ce ke karanta mini filinki na ba da shawara in babu masu saye. Na ce kar ta gyara komai, ta sa yadda ya fito bakina. Sunaye kawai muka canja.

Yarinya ɗaya nake da ita, Rachael, sunan uwar mijina aka sa mata. Bana za ta fara makaranta. A kanta nake wannan magana.

Lokacin da rikici ya shigo ƙauyenmu, can wajen hanyar Kachia, ba zan faɗi sunan garin ba, tana jaririya, ko zama ba ta fara ba. Da safe ne, ina gona ina haƙar citta, tana bayana. Sai na ji harbi, na ga hayaƙi ta wajen gidaje. Na yar da fartanya na faɗa daji. Ban san inda nake zuwa ba, gudu kawai. Kututture ya tsaga mini ƙafa, ban ma ji ba sai da na kai rafi na ga jini. Ina ɗaga kai sai ga Bafulatana tana wanke ƙore. Mama, na ce shi ke nan, na kawo kaina. Na toshe bakin yarinya da hannu. Matar ta dube ni, ta dubi bayanta, ta cire mayafinta ta yafa mini a kai.

Sunanta Zamzam. Ta shigar da ni bukkarta, ta kwantar da ni bayan inda take jera ƙore. Mazansu sun kora shanu nesa, su ma tsoro suke ji, mata da tsofaffi ne kawai a rugar. To nonona ya ƙafe. Tsoro ne ya ƙafar da shi, in na matsa ko ɗigo babu. Rachael tana ta tsala kuka, kukan nan kuma shi zai tona mu. Zamzam tana da nata jariri, Irfan. Ba ta tambaye ni ba, ta ɗauki tawa ta sa a wannan nono, nata a wancan. Haka ta yi ta yi duk kwanakin da na zauna, ban san ko nawa ba ne, sai da ƙafata ta iya taka ƙasa.

Ranar tafiya ta ɗaura mini zani irin nasu, ta ɗora mini ƙwaryar nono a kai, muka fito kamar masu zuwa talla har bakin titi. Ta ɗaura wa Rachael wasu 'yan duwatsu ja da fari a hannu. Ta ce yanzu yarinyar nan 'yarta ce, ƙanwar Irfan. Ta ce kar in faɗa wa kowa, ko nawa ko nata, don za a taɓa mu duka biyu.

A firamaren da aka tara 'yan gudun hijira na samu maigidana Godspower da mamansa da rai. Wansa ne ba a gani ba, har yau ko gawa. Tun daga nan maigidana ya rantse nono ko man shanu ba zai shiga gidansa ba. Ya taɓa ganin ƙanwarsa da kofin fura da nono, ya karɓa ya zubar a ƙasa. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, gaskiya, amma in mashin ya yi ƙara a waje sai ya zabura. Kowa ya ɗauka a daji na ɓuya. A coci har godiya aka yi, ana waƙa Ubangiji ya ciyar da jaririya a jeji.

Uwar mijina, da muke ce wa Mama, ita ce ta yi wa Rachael wanka ranar da muka dawo. Ta kwance duwatsun, ta shinshina kan yarinya, don Zamzam tana shafa mata man shanu. Ta dube ni da kyau. Sai ta ci gaba da wankan. Duwatsun suna nan cikin gwangwanin da take ajiye hoton ɗanta da ya ɓata, na gani da idona ina shara. Kullum ina tunani, ta ajiye ne don ranar da za ta nuna wa ɗanta?

Yanzu muna haya a Kafanchan. To ga abin da ya taso. An kafa kwamiti, fasto da liman da arɗo da masu unguwa, wai bayan girbi za a yi zaman gaskiya da sulhu, kowa ya faɗi abin da aka yi masa da abin da ya gani. Kowane gida yana kawo mudun citta a sayar. Fulani sun ce rago da man shanu. Su Anti Chinwe 'yan kasuwa za su kawo rumfa da kujeru, mu 'yan zumuntar mata itace da girki. Amma Madam Patricia, sakatariyar kwamiti, ta ce abin da za a tara ba zai kai ko'ina ba. Akwai kuɗin motar kwaso waɗanda suka watse Kwoi da Kaduna, akwai abinci, akwai masu rubutawa, akwai likitan waɗanda abin ya taɓa musu kai. Wai wata ƙungiya za ta zo daga Abuja ta duba, in ta gamsu ta taimaka.

Na je mitin ɗin mata saboda maganar girki, na tafi da Rachael. Mama Tagwai, sai ga Zamzam. Ta rame sosai. Ashe bayan na tafi an ƙona rugarsu, an kashe musu shanu. Tana ganin yarinyar ta durƙusa ta rungume ta, tana kuka tana mata Fulatanci. Mata suka tsaya kallo. Madam Patricia ta ja mu ofis, Zamzam ta kwashe komai ta gaya mata. Madam ta yi kuka ita ma, ta share ido, ta ce wannan labarin ne baƙin suke nema. Wai za a ɗinka wa yaran biyu anko, mu tsaya gaban baƙi, a yi bidiyo. Ta ce in ba su ga abin da ya taɓa zuciyarsu ba, wani gari za su kai taimakon, zaman ya rushe.

Zaman nan kuma babu wanda yake jira kamar uwar mijina. Ita ta fara kai cittarta. Ba ta neman a kama kowa, so take wani ya nuna mata inda ɗanta yake kwance ta kafa gicciye.

In na tsaya, bidiyon nan zai shiga wayar maigidana. Da wane ido zai dubi Rachael? Samarin layinmu ko gaisawa ka yi da Bafulatani sai su ce ka sayar da mutanenka. Kuma wata ta taɓa ce mini wai a wurin Musulmi in yaro ya sha nonon mace ya zama nasu, har addinin ya shige shi. Zamzam da bakinta ta ce 'yarta ce. In suka zo da arɗo gaban kwamiti suka ce a ba su 'yarsu fa? In kuma na ƙi, zaman ya rushe a kaina, Mama ba za ta ji komai ba, kuma na yi wa matar da ta cece mu butulci. Zamzam ta ce ita ta gaji da tsoro. Amma ita ko waya ba ta da ita, ba ta san yadda bidiyo ke yawo ba.

Yanzu ko ƙofar gida ba na barin Rachael ta je. Tana nan ƙarƙashin teburin Anti Chinwe tana wasa da murfin kwalba. Baƙin suna zuwa in watan nan ya ƙare. Ki gaya mini abin da zan yi, Mama, ni ba ni da uwa a raye.

Maman Rachael, Kafanchan.

Maman Rachael, 'yata, sannu. Sannu da abin da kika ɗauka ke kaɗai duk shekarun nan. Ki gaida mini Chinwe da aikin alheri.

Bari in fara sauke miki tsoron da ba shi da tushe. Ni Musulma ce, kuma na sake tambayar malami kafin in rubuta miki. Shayarwa a wurinmu tana ƙulla 'yan'uwantaka: Rachael da Irfan wa da ƙanwa ne, babu aure a tsakaninsu. Iyakarta ke nan. Ba ta canza wa yaro addini, ba ta ba mai shayarwa ikon karɓarsa, babu arɗo ko alƙalin da zai raba ki da 'yarki a kan haka. Da Zamzam ta ce 'yarta ce, nauyi ta ɗora wa kanta, ta ce duk abin da ya taɓa yarinyar nan ya taɓa ta. Ki bar Rachael ta fito daga ƙarƙashin tebur.

Sai maganar bidiyo. Kada ki yi. Ba na ganin Madam Patricia muguwa ce, aiki ne babba a wuyanta, kuma gaskiya ta faɗa, irin wannan zama yana cin kuɗi. Amma ba da fuskar yarinya ƙarama ake nemo su ba. Zaman da aka shirya don mutane su daina jin tsoro, bai kamata ya fara da tsoratar da ke ba. Ki koma wurinta da Chinwe ko matar fasto, kada ki je ke kaɗai, ki gaya mata ba ki yarda ba, kuma labarin amana ne a hannunta. In tana neman abin nuna wa baƙi, ga shi a gabanta: gwauraye sun auno citta, makiyayan da aka kashe wa shanu sun kawo rago. Ƙungiyar kirki abin da za ta fara tambaya shi ne yadda za a kare masu ba da shaida. Kwamiti ya tanadi ɗaki na mata kaɗai, babu kyamara, babu sunaye, wadda ta ga dama ta fasa ko a ranar. Wannan zai fi gamsar da baƙin. In kuma taimakon bai zo ba, a yi zaman daidai ƙarfin gari. Rushewarsa ko tsayuwarsa ba a kanki yake ba.

Zamzam ma tana da haƙƙi, labarin nata ne kamar yadda yake naki. Ki zauna da ita, a nuna mata a waya yadda bidiyo ke isa wurin wanda ba a nufa ba, har da mutanenta da ta ji tsoro a da. In bayan haka tana son magana a ɗakin mata, ta yi, ba tare da sunanki ba. Ƙin tsayawa gaban kyamara ba butulci ba ne. Godiyarki ki kai mata hannu da hannu.

Amma ba zan ɓoye miki ba: mata sun ga rungumar nan a mitin, magana ta fara tafiya. Gara maigidanki ya ji a cikin gida da ya ji a bakin layi. Mutum ne mai ciwo, ba ki ce mugu ba ne. Duk da haka kada ki gaya masa ku biyu kaɗai, kuma ranar a bar Rachael wurin Chinwe. In kin ga alamar da ba ki yarda da ita ba, ki fita, ki nemi fasto.

Wa zai zauna kusa da ke ranar? Ki sake sauraron abin da kika faɗa mini. Tsohuwar da ta haihu ta yi raino ta karɓi jaririya daga hannun uwar da nononta ya ƙafe, ta gan ta da ƙarfinta, kanta yana ƙanshin man shanu, ga duwatsun Fulani a hannu. 'Yata, surukarki ta sani tun ranar. Ban shiga zuciyarta ba, amma da tona ki take so, ta samu shekaru ba ta yi ba. Mace ba ta ajiye abin da ta tsana kusa da hoton ɗanta. Ni a ganina ke kina ɓoye mata, ita kuma tana rufa miki, kowa na jiran ɗaya ya fara.

Ki same ta lokacin da maigida ya fita, ki zauna a ƙasa kusa da ita, ki roƙe ta ta buɗe gwangwanin. Ki gaya mata sunan matar da ta ɗaura duwatsun. Daga nan ku biyu ku san yadda za ku tunkari ɗanta, don abin da ba zai iya ji daga bakinki ba, zai iya ji daga bakin wadda ta rasa wansa.

Allah ya nuna wa tsohuwa inda ɗanta yake, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya saka wa Zamzam. Allah ya raya Rachael da Irfan, su girma su san juna da rana tsaka.

Taki,
Mama Tagwai