Iskar Masu Raki

Litinin, 4 ga Maris
Na kai oksijin babban asibiti, ɗakin tiyata da ɗakin jarirai. Ni da na fara da tura baro, yau rabin numfashin asibitin nan daga shagona yake fitowa. Likitar haƙori ta sake bugo waya, wai tukunyar iskarta ta kusa ƙarewa. Iskar nan da ake shaƙa wa mutum tsoro ya sake shi kafin a cire haƙori. Na ce ta jira. Masu neman numfashi tukuna, masu raki daga baya.

Laraba, 6 ga Maris
Haƙorina na can ciki yana ɗan motsi. Ba wani abu ba ne.

Alhamis, 7 ga Maris
Maman yara ta ce, "Maigida, kumatunka ya fi tayar motarka iska." Ban kula ta ba. Ruwa ma da gefe guda nake sha.

Asabar, 9 ga Maris
Na je. Kujerar tana kwantar da mutum kamar rago a gaban mahauci. Likita ta leƙa ta ce cirewa za a yi. Na ce bismilla, ni ba yaro ba ne. Sai ta ɗauko allura. Ni da ke saɓa tukunyar ƙarfe a kafaɗa, sai ga ni na tsuke bakina. A hankali na ce, iskar nan fa?
"Yallaɓai, ta ƙare tun jiya. Mai kawo mana ya ce mu jira."
Ko murmushi ba ta yi ba, wannan ya fi min ciwo.
Na koma shago da kumburina, na ɗauko tukunyar, na ɗaura mata da hannuna. A benci wata yarinya na riƙe da kumatu tana hawaye, uwarta ta ce jiya ma an mayar da su gida. Na ce a fara da ita, wai don in gwada ko iskar na fita daidai.
Nawa kuwa, allurar na ji ta kamar a bakin wani. Maman yara da ta raka ni ta rantse na yi ta ƙyalƙyala dariya ina ce wa likita "ranki ya daɗe". Sharri ne.

Litinin, 11 ga Maris
Na ci abinci da gefe biyu.
Na gaya wa direba daga yau, in an sauke na ɗakin jarirai, a biya wajen likitar haƙori kafin a dawo. Ya ce ai ba hanya ba ce, zagaye ne. Na ce wa ya tambaye shi.