Takardar da Ba Ta Shiga Akwati Ba

Gidan Mati, ta Ɗambatta,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Dallatu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Mairo da yara, Ya kuma kawo maka sauƙin ciwon gwiwar da ka ce yana hana ka tsayuwa a kasuwa. Mu nan sai godiya. Inna Hure tana ɗan tattakawa, idon ne ya ƙara dushewa, amma bakin yana nan yadda ka san shi. Ruwa ya sauka bana yadda ake so, sai dai taki ya fi ƙarfin kowa, masarar da muka shuka a bayan gida ko ƙugu ba ta wuce ba. Gero ne ya ɗan rufa mana asiri.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Maganar ce ba ta faɗuwa a gidanmu, inda in ka yi tari a zaure ana jin ka a madafi. Shi ya sa na rubuta, zan bai wa Muntaka direban motar albasa ya kawo maka hannu da hannu. Maganar rumfar kafintan da Baba ya bar mana ce, ni da kai. Yaya, na kasa riƙe ta, kuma yardarka nake nema kafin in sayar.

Ka tuna yadda Baba yake samun aikin gwamnati. Sakataren ilimi ya tsayar da babur a gindin darbejiya, a kawo masa fura, ya ce benci arba'in kafin a dawo hutu, Baba ya ce Allah Ya kai mu, shi ke nan an gama. To, wannan zamanin ya wuce tun ba yau ba. Yanzu makarantun ƙananan hukumomi huɗu ko biyar ake haɗawa wuri guda, a buga a jarida da intanet, a ce kamfani ya nema. Kamfanin ma sai mai rajista, mai shaidar biyan harajin shekara uku, mai asusun banki da sunansa, mai takardar fanshon ma'aikata. Ma'aikatan nan kuwa ni ne da Nababa da Ɗanliti da ka bari a rumfa, dukanmu mun yi furfura, ban san fanshon wa ake magana ba. Cikin tambayoyin nan duka babu inda aka ce ko ka taɓa riƙe zarto. Rabon da aikin gwamnati ya shigo rumfar nan shekara shida ke nan. Aikin gari kuma ya mutu tun da aka cire tallafin mai. Mutane sun daina yin ƙofa, buhu suke ratayawa, gadon amarya ma na hannu ake saya.

Ban zauna na naɗe hannu ba, kada ka ce haka. Bara na sayar da bijimin huɗa, na yi ta zarya tsakanin nan da birni, daga wurin lauya zuwa banki zuwa shagon kwamfuta, wata goma sha ɗaya, har na haɗa takardun nan kaf. Mati da 'Ya'yansa na sa wa kamfanin, sunanka yana ciki. Bayan ƙaramar salla sai ga wani aiki an buga, wanda aka ware wa ƙananan kamfanoni: tebur da benci ɗari uku na makarantun wajenmu, har da tamu ta gari. Irin wannan sai a yi shekaru ba a gani ba. Wani ma'aikacin ofishin da ya buga aikin, mai tsoron Allah, ya duba mini komai, ya ce takarduna sun cika, farashina kuma da wuya a samu wanda zai sauko ƙasa da shi. Ya ce abu ɗaya ya rage, in liƙe ambulan in jefa a akwatin ƙarfen da ke bakin ofishinsu a birni kafin sha biyun ranar Talata. Sau uku yana maimaita mini cewa akwati, ba hannun kowa ba.

Mai ɗakina Safiyatu, don murna, ta je ta faɗa a gidansu. Washegari, ranar Alhamis, sai ga mahaifinta Alhaji Sama'ilu da kansa a bakin rumfa da sandarsa, mutumin da shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa bai taɓa tako wurin sana'ata ba. Ka san shi, shekara talatin ya yi yana masinja a ƙaramar hukuma, har gobe gani yake babu ƙofar gwamnatin da ba za a buɗe masa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ya ji abin alheri, in kawo takardar shi zai kai. Ya ce daraktan da ke kan aikin ɗan amininsa ne, a gabansa aka raɗa masa suna, kuma mutum mai mutane ba ya jefa buƙatarsa a akwati kamar baƙon da bai san kowa ba. Yaya, me zan ce? Surukin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Na buɗe baki zan ce akwati, sai na ji kaina ina cewa Allah Ya ƙara girma. Na shiga na ɗauko, na miƙa masa da hannu biyu.

Kwana biyar ina kai gaisuwa ƙofar gidansa safe da yamma, ina jiran ya ɗauko maganar. Ya tambayi shuka, ya tambayi yara, ya sallame ni. Na roƙi Safiyatu ta tambaye shi, ta ce da wane bakin za ta tambayi Baba ko ya cika abin da ya ɗauka? Ta bi ta wurin mahaifiyarta Hajiya Kulu, amsa ta dawo cewa Alhaji ya ce an gama komai, in kwantar da hankalina. Na yi tunanin in haɗa wasu takardun in jefa da kaina a ɓoye. Amma na asalin masu tambarin banki suna cikin ambulan ɗin, kuma in ya ji na bi ta bayansa, ban san da wace fuska zan sake shiga unguwarsu ba.

Ranar Talata na sa rigar salla na hau bas. A gaban kowa aka buɗe akwatin, ana ɗaga ambulan ɗaya bayan ɗaya, ana karanta suna da farashi. Guda goma sha huɗu ne. Na ji farashin kowa da kunnena, babu wanda ya kai nawa sauƙi. Sannan aka kifa akwatin aka girgiza don kowa ya ga babu saura. Ina nan zaune har aka fara kwashe kujeru. Daga baya na ji yadda aka yi, kuma Alhaji bai yi ƙarya ba. Da kuɗinsa ya hau mota, ya sayi goro, ya je gidan mahaifin daraktan ya danƙa wa dattijon, shi kuma ya ajiye sai ɗansa ya zo gaisuwar Juma'a. Ɗan yana wajen gari, bai zo ba sai bayan mako biyu. Ta hannun ma'aikacin nan ya maido mini da ambulan ɗin ko buɗewa ba a yi ba, da saƙon cewa ko a kan lokaci ya same shi ba shi da ikon karɓa, aikinsa zai rasa.

Wanda ya ci kwangilar, ofishinsa duka jaka ce a hammata. Ya zo gari yana tambayar wa ya iya aikin katako, aka nuno masa rumfarmu. Ya ce in yi masa aikin a kan abin da ko katakon kirki ba zai saya ba, in sa farin katako marar nauyi, fenti zai rufe, babu mai dubawa bayan an ɗauki hoto. Na ce ba zan yi ba, Fadima 'yata tana aji uku, a kai za ta zauna. Ba don ka yabe ni nake faɗa ba. Bayan kwana uku na duba rumbu, na nemi lambarsa na kira shi ina ba shi haƙuri. Ya ce ai ya bai wa wasu tuni. Wannan kiran ya fi komai yi mini ciwo.

Ga inda muke yanzu. Takardun za su daina aiki ƙarshen shekara, sabuntawa kuma sai wani bijimin, ba ni da shi. Nababa ya koma leburanci a gonakin rani na Watari, Ɗanliti yana Ungogo yana ɗaukar bulo da shekarunsa. Injin yanka katako wata huɗu ba a tayar da shi ba. Wani ya taya filin, wai zai yi shagon cajin waya. Rabi naka ne, ba zan sa hannu ba sai ka ce. Kada ka ce za ka aiko da wani abu, na san yadda kuke a can, kuma ko an sabunta takardun, aikin nan ba don irinmu ake buga shi ba. Na rasa wanda zan ji haushinsa. Sun faɗa mini ƙa'idarsu sarai, tsoho kuma alheri ya yi niyya. Ni ne na kasa furta kalma ɗaya, kuma wallahi in yau ya sake tsayawa a bakin rumfar, ban tabbata zan iya ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, in ka bugo waya gida kada ka ɗauko zancen nan. Safiyatu na ce mata harkar gwamnati ce, sai a hankali. Shi kuwa Alhaji bai san komai ba, domin amininsa ma kunya ta hana shi gaya masa. Duk Juma'a in na je gaisuwa sai ya tambaye ni ko an kira mu, in ce ana nan ana jira.

Ka gaishe mini da Yaya Mairo, da Sakina da Bilki, da duk mutanen gidanku. Inna Hure tana sa maka albarka, Safiyatu da yara suna gaisuwa. Alhaji Sama'ilu ma da ya ji Muntaka zai taho wajenku, ya ce in gaishe ka da kyau, in gaya maka kada ka damu, ya sa baki a maganar rumfar mahaifinku, kwanan nan za ka ji alheri. Na ce masa zan faɗa maka. Ga shi na faɗa.

Ina jiran amsarka a hannun Muntaka.

Ƙaninka,
Kassimu Mati.