Rafin da Ke Cikin Taswirar 1974

Kafanchan, 3 ga Maris

Fabian,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya a benenka na Sabon Tasha. Na ji har mai gadi gare ka.

Ba zumunci ya sa na rubuto ba. Rafin da ke bayan gonar babana ya sauya hanya, ya bar fadamarmu a tsallake. Ka san al'adarmu, rafi ne iyaka, don haka maƙwabcina Azariya ya shiga da garma. Dagaci ya ba ni zuwa ashirin ga wata in kawo shaidar inda ruwan yake bi a da.

Taswirar da muka yi a ofishin safiyo a 1974 tana wurinka. Kai ka yi awo, ni na zana, amma sunanka kaɗai aka buga a ƙasa. Kai aka tura Ingila. Ni da na koya maka lissafi a aji, na tsufa a teburin zane. Aiko mini da ita, in ban yi ƙanƙanta da roƙo ba.

Ka huta lafiya,
Gershon

Sabon Tasha, 9 ga Maris

Gershon ɗan'uwana,

Na gode wa Allah da na ga rubutunka. Har yanzu bakinka bai mutu ba!

Taswirar ba za ta taimake ka ba. Ta sa rafin daidai inda Azariya yake so. Littafin awona kuwa ya nuna shi can gabas, bayan fadamarku. Tun 1975 na ga bambancin, kuma na san alƙalaminka ba ya kuskure. Ka matsar da layin ne don a ce awona ya lalace, sai babu wanda ya duba. Na yi shiru saboda lokacin matarka Tamar tana da ciki, kuma da an kore ka.

Zan iya kawo littafin. Amma akwai kwafin taswirar a ofis, Azariya zai nemo shi, dagaci kuma zai tambayi abin da ya raba su. Ni ba zan yi ƙarya ba.

Naka kullum,
Fabian

Kafanchan, 14 ga Maris

Fabian,

Na gaishe ka. Shekara arba'in da biyar ina jiran a kama ka da laifina, ashe har a shiru ka fi ni.

Na san abin da ke cikin taswirar, ita na roƙa don bakina ya kasa roƙon littafin. Zo da shi. Ni zan gaya wa dagaci da bakina, a gaban Azariya.

Ka hau motar haya. Kada ka shigo mini unguwa da wannan babbar motar taka.

Sai ka iso,
Gershon