Kada a Goge Waƙoƙin Mai Nasara

Ni Mahmudu Hisham na Gidan Amumune, wanda matasa suka sani da Mai Nasara, nake rubuta wannan da cikakken hankalina. Ciwon ƙoda ya ci jikina, likitoci sun gaya mini gaskiya, kuma ban tsorata ba. 'Ya'yana Abdussalamu, Jamila, Hussaina, ku saurara.

Na ɗaya. Gida da gonar Korgom a raba su yadda shari'a ta ce. Mahaifiyarku Rahma ta ci gaba da zama ɗakinta.

Na fara waƙar rap a tashar 'yan kabu-kabu ranar kasuwa, da lasifikar aro da batirin mota. Aka ce ɗan manomi ya zautu, yana surutu bisa kiɗa. Ban daina ba. Na zuba Hausar garinmu cikin kiɗan da ake cewa sai da Faransanci yake tafiya. Gidajen rawa na Maraɗi suka ɗauka, Yamai ta biyo baya. Ranar da na dawo wasa Tasawa, har bisa amalanke mutane suka zo daga ƙauyuka, na hango tsofaffin da suka yi mini dariya suna gyaɗa kai.

Na biyu. Kayan sutudiyo na riga na ba Jamila kyauta gaban shaidu. Muryarta ta fi tawa.

Na uku. Abdussalamu, na san kana jin kunyar sana'ata, kuma tun da Jamila ta kama makirfo ka daina yi mata magana. Na ji ka ce za ka goge waƙoƙina don a sauƙaƙa mini a kabari. So ne ya sa ka, amma ban yarda ba. Ban zagi kowa ba. Shekarar da hatsi ya ƙi, na ga mutanen da rumbunsu ba kome suna rawa suna dariya da waƙata. Sauran hisabi ka bar ni da Ubangijina. Kai za ka sallace ni. Jamila, ke za ki fara zuwa gaishe shi, yayanki ne.

Na huɗu. A bar Hussaina ta ƙare karatunta na lakwal. Ranar aurenta a sa waƙata, a ƙara murya. Abdussalamu, ba sai ka yi rawa ba, amma ka zauna har a tashi.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Kada ɗayanku ya yi Salla shi kaɗai alhali 'yan'uwansa na da rai.